Inshorar lafiya: takardar da ɗalibi ke rainawa yau, ta tare masa hanya gobe

A ƙarshen kakar bara, sa'ad da na je ganin gida, wani dattijo daga wani ƙauye na karkarar Caduwa ya same ni da takarda a naɗe cikin leda. Ɗansa ne, wanda ke wata ƙasar Turai shekara da shekaru, ya aiko da saƙon ta waya, aka buga masa shi a Agye. Da Faransanci yaron ya rubuta, domin kunya ta hana shi faɗin maganar da bakinsa.

Dattijon ya ce mini: "Malam, an ce kai ne ke juya wa gwamnati takardu. Juya mini wannan, kada ka ɓoye mini kome."

Na ce: "To, Baba, zauna."

Ga abin da wasiƙar ta ƙunsa. A shekara ta uku ta karatunsa, damina ta yi gardama a gida, ga kuma mahaifiyarsa kwance. Sai yaron ya daina biyan kuɗin inshorar lafiyarsa har wata bakwai, ya riƙa aiko da kuɗin gida domin a sayi hatsi da magani. Jami'a ta cire sunansa, takardar zamansa ta mutu bai iya sabunta ta kan lokaci ba. Daga baya ya ci bashi ya biya, aka mai da shi, ya gama karatu, ya sami aiki. Amma ranar da ya nemi takardar zaman dindindin, sai aka nuna masa wannan giɓi, aka ce lissafin shekarunsa daga bayan giɓin yake farawa. Saboda haka zuwa gida da ya yi alkawari ya ɗage, kuɗin da yake aikowa kuma za su ragu.

Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Yaron da ko ciwon kai bai yi ba, ina ruwansa da kuɗin magani?"

Wannan tambaya ita ce muke so mu amsa a yau, domin iyaye da yawa a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji suna sayar da gyaɗa da aya da wake, wani lokaci har da shanun huɗa, don su tura ɗiyansu neman ilimi a waje. Suna lissafin kuɗin mota da na jirgi, da na makaranta, da na ɗaki, amma ba safai inshora ke shiga lissafin ba.

Mece ce inshorar lafiya?

Inshora, wadda masu mota a nan gida suka fi sani da asirans, asusu ce ta taimakon juna. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan tun suna da lafiya, wanda ciwo ya kama sai a biya masa asibiti daga cikin abin da aka tara. Bambancinta da adashe shi ne, a adashe kowa yana da ranar kwasarsa, a inshora kuwa mai kwasa shi ne wanda ƙaddara ta faɗa wa. Wanda ya shekara yana zubi bai kwanta ba, bai yi asara ba: ya sayi kwanciyar hankali, ya kuma ɗauki nauyin ɗan'uwansa.

A ƙasarmu ba mu saba da wannan tsari ba sosai. Tun daga 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a asibitocinta, a 2024 kuma aka rage kuɗin ganin likita da na wasu ayyukan asibiti da rabi. Amma ga yawancin manya, musamman a karkara, al'adar ita ce sai ciwo ya zo a nemi kuɗi, a sayar da akuya ko a kama dangi. Ɗalibin da ya tashi cikin wannan al'ada, in ya isa ƙasar da kwana ɗaya a gadon asibiti ke iya cinye kuɗin amfanin gonar shekara, yana tafe ne da tunanin da ba ya aiki a can.

Ƙasashen da ke karɓar ɗalibai ba sa so baƙo ya kwanta ciwo, nauyinsa ya faɗa kan baitulmalinsu. Don haka suka mai da inshora sharaɗin shiga da sharaɗin zama. Ko mai neman bizar ɗan gajeren lokaci zuwa ƙasashen yarjejeniyar Shengen, sai ya nuna inshorar tafiya da za ta iya biyan yuro 30,000, wato kusan sefa miliyan 20. A idon hukuma, takardar inshora shaida ce cewa baƙo yana zaune bisa ƙa'ida, ko ya taɓa shiga asibiti ko bai taɓa ba.

Matakai uku, igiya ɗaya

Ya kamata mai karatu ya rarrabe takardu uku. Ta farko ita ce takardar zaman ɗalibi, wadda ake sabuntawa lokaci-lokaci, kuma tana mutuwa da ƙarewar karatu. Ta biyu ita ce takardar zaman dindindin, ko ta dogon zama, wadda ke ba mutum damar aiki da zama ba tare da fargabar kora kowace shekara ba. Ta uku ita ce takardar zama ɗan ƙasa. Kowace tana tsaye ne bisa wadda ta gabace ta, kuma abin da ya ɗaure su shi ne zama bisa doka ba tare da yankewa ba.

Ƙungiyar Tarayyar Turai ta kafa doka a kan haka a watan Nuwamba na 2003. Dokar ta ce baƙon da ba ɗan tarayyar ba yana iya samun matsayin mai dogon zama in ya cika sharuɗɗa uku: ya yi shekara 5 a jere bisa doka, yana da hanyar samun kuɗi tsayayya, yana kuma da inshorar lafiya. Game da ɗalibai, dokar ta ce shekarun karatu, inda aka yarda a lissafa su, rabinsu kaɗai ake ƙirgawa. Ke nan wanda ya yi shekara 4 yana karatu, shekara 2 ce a hannunsa, sauran sai ya cika su da takardar aiki ko wata irinta. To, wanda shekarunsa ke ƙirguwa rabi-rabi, yaya zai yi in giɓi ya share su gaba ɗaya?

Faransa

Ɗaliban ƙasarmu sun daɗe suna zuwa Faransa, ko da yake hanyar ta yi wuya tun da aka tsai da ba da biza a Yamai a 2023, aka kuma rufe ofishin jakadancin Faransa a farkon 2024. Duk da haka akwai ɗiyanmu da yawa da ke can tun kafin wannan lokaci.

A da, ɗalibi yana biyan kuɗin inshora kowace shekara. A shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 kuɗin yuro 217 ne, kimanin jikka 142. Dokar 2018 ta soke wannan biya, aka shigar da ɗalibai cikin babbar asusun lafiya ta ƙasa kyauta. Amma kyauta ba ta hana neman takarda ba: sai ɗalibi baƙo ya rubuta sunansa da kansa ta intanet, ya aika da shaidar shiga jami'a da biza da takardar haihuwa. Wanda bai yi ba, ba wanda zai yi masa. Bugu da ƙari, asusun ƙasa kashi 70 cikin 100 na kuɗin ganin likita take mayarwa, da kashi 80 na kwanciya asibiti a mafi yawan lokuta. Ragowar sai mutum ya shiga wata asusun cikawa, kuma tun watan Nuwamba na 2019 akwai wadda aka tanada domin marasa ƙarfi.

Game da dogon zama, yarjejeniyar da Nijar da Faransa suka sa wa hannu a Yamai ran 24 ga Yuni 1994 ta tanadi cewa ɗan ɗayan ƙasashen biyu yana iya neman takardar zaman shekara 10 bayan ya yi shekara 3 a jere bisa doka. Zama ɗan ƙasa kuwa shekara 5 ake nema, amma ana rage ta zuwa 2 ga wanda ya yi shekara 2 a babbar makarantar Faransa ya fito da digiri. A kowane mataki ana buɗe tarihin mutum tun daga ranar da ya sauka.

Jamus da Turkiyya

A Jamus, jami'a ba ta rubuta sunan ɗalibi sai da shaidar inshora, kuma in ya daina biya, asusun tana sanar da jami'a, jami'a ta cire shi. Kuɗin ya wuce yuro 100 a wata, wato fiye da jikka 65. Wannan ma farashin rangwame ne na ɗalibai, kuma yana ƙarewa in mutum ya cika shekara 30. Wannan batu ya shafe mu ƙwarai, domin ɗiyan karkara sukan shiga lakwal a makare, wasu kuma sai sun yi aikin koyarwa na wasu shekaru kafin su sami tafiya. Bashin watannin da ba a biya ba kuma ba ya yafuwa, yana nan yana jiran mai shi. Tun daga watan Yuni na 2024 Jamus ta rage shekarun neman zama ɗan ƙasa daga 8 zuwa 5, ta kuma yarda mutum ya riƙe ƙasarsa ta asali, amma sharaɗin zama bisa doka da ɗaukar nauyin kai bai canza ba.

Turkiyya, wadda ɗalibanmu ke ƙara fuskanta a ƴan shekarun nan, tana da tata ƙa'ida. Wanda ya tafi da burs na gwamnatin Turkiyya, inshorarsa tana cikin burs ɗin. Wanda ya tafi da kuɗinsa, an ba shi wata 3 daga ranar da ya fara rubuta sunansa a jami'a domin ya shiga asusun lafiya ta ƙasa. In ya bari wa'adin ya wuce, sai ya nemi ta kamfani. Dokar baƙi ta 2013 ta ce takardar dogon zama sai bayan shekara 8 a jere, shekarun karatu rabinsu ake ƙirgawa, kuma sai da inshora mai rai.

Darasin Ingila

Babu inda wannan matsala ta fito fili kamar Ingila, kuma abin mamaki, Turawa ne ta kama. A lokacin da Birtaniya ke cikin Tarayyar Turai, ɗan Faransa ko Jamus ko Italiya yana shiga ya yi karatu ba tare da biza ba, yana kuma zuwa asibitin gwamnati kyauta kamar kowa. Amma wata dokar tarayyar ta 2004 ta ce ɗalibi da wanda ba ya aiki sai suna da cikakkiyar inshorar lafiya kafin a ɗauki zamansu a matsayin na ƙa'ida, hukumomin Birtaniya kuma suka ce damar zuwa asibitin gwamnati ba ta cika wannan sharaɗi ba. Mutane da yawa ba su taɓa jin labarin ba.

Bayan ƙuri'ar ficewa daga tarayyar a 2016, sai jama'a suka yi ta neman takardar zaman dindindin domin su tsare matsayinsu. Nan ne waɗanda suka yi shekaru a ƙasar, wasu da aure da ƴaƴa, suka ji cewa shekarun karatunsu ba su ƙirgu ba. Sabon tsarin zama da aka buɗe a 2019 bai nemi wannan takarda ba, amma a 2020 maganar ta sake tasowa ga masu neman zama ƴan ƙasa. Sai ran 10 ga Maris 2022 kotun Tarayyar Turai da ke Lukzambur ta yanke hukunci cewa wanda ke ƙarƙashin asibitin gwamnatin Birtaniya yana da cikakkiyar inshora. Gaskiya ta yi halinta, amma bayan mutane sun sha shekaru cikin zulumi da kashe kuɗi.

Ga ɗaliban da ba Turawa ba, Birtaniya ta bi wata hanya. Tun 2015 take karɓar kuɗin lafiya tare da kuɗin biza, na dukan shekarun karatu a dunƙule. Da fam 150 a shekara aka fara, a watan Fabrairu na 2024 ya kai fam 776. Darasin a nan biyu ne: rashin sanin doka ba ya zama hujja a gaban hukuma, kuma abin da aka gaya wa wanda ya tafi shekara biyar da suka wuce ba lalle ne ya yi daidai da na bana ba.

Ƙetaren iyaka

Mafi yawan ɗiyanmu da ke karatu a waje ba jirgi suke hawa ba. Daga Gangara ko Gazawa, Katsina kusa take. Daga Tibiri da Gidan Sori da Gidan Rumji, mutane sun saba da hanyar Sakkwato tun kaka da kakanni. Yaro ya tafi Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa a Katsina, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta Bayero a Kano, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ya sauka gidan kawunsa, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, sai ya manta cewa a takarda baƙo ne.

Amma Nijeriya ma ta canza. A watan Mayu na 2022 ta kafa dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan ƴan ƙasa da baƙin da ke zaune bisa doka, kuma akwai tsari na musamman domin ɗaliban manyan makarantu, wanda galibi ake biyan kuɗinsa tare da kuɗin makaranta. Ya kamata ɗalibi ya tambayi inda katinsa yake, da asibitin da aka haɗa shi da ita, domin da yawa suna biya ba su sani ba, ciwo ya zo su sake biya daga aljihu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 kuma shekara 15 na zama yake nema ga baƙon da ke son zama ɗan ƙasa.

Mun ga an rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta daga 2023 zuwa Maris 2024. Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar CEDEAO ran 29 ga Janairu 2025. Duk wanda ya ga waɗannan abubuwa ya san cewa zumunci yana buɗe ƙofar gida, amma a bakin shinge takarda ake tambaya.

Mu ma muna da baƙi. Jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi ta karɓi ɗaliban Nijeriya masu yawa, Jami'ar Musulunci ta Sayi kuma tun 1986 take tara ɗiyan ƙasashen Afirka. Dokarmu ta 1984 shekara 10 na zama take nema ga mai son zama ɗan Nijar. Ya dace ma'aikatanmu su riƙa yi wa waɗannan yara bayani filla-filla tun ranar saukarsu, kamar yadda muke fatan a yi wa namu a can.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, tun kafin tafiya a gyara takardar haihuwa. A aikinmu na fassara muna yawan ganin yaro ɗaya da suna uku: Mahamadu a takardar haihuwa, Mohamed a takardar bak, Muhammad a fasfo. Wani kuma an rubuta shekarar haihuwarsa babu wata babu rana. A nan gida ba a kula, amma kwamfutar asusun lafiya a waje harafi ɗaya yana tsai da ita wata da watanni. A je wurin magajin gari ko kotu a daidaita tun yaro yana gida.

Na biyu, mai burs ya tambaya a rubuce, a hukumar ANAB ko a ofishin ƙasar da ta ba shi, ko inshora tana ciki, da ranar da take farawa da ranar da take ƙarewa. Wanda ya maimaita aji, ko ya zarce zuwa digiri na gaba, ya duba ko inshorar ta bi shi.

Na uku, a rubuta suna a asusun lafiya cikin makon farko na sauka, kada a jira sai an huta.

Na huɗu, a ajiye kowace takarda: shaidar biya, katin inshora ko da ya mutu, tsohuwar takardar zama, shaidar shiga aji ta kowace shekara. A ɗauki hotonsu, a aiko da kwafi gida a sa cikin akwati. Takardar da ba ta da amfani yau, ita za a nema bayan shekara 8.

Na biyar, in kuɗi suka yanke, ɗalibi ya je ya faɗa wa asusun da ofishin kula da ɗalibai tun wuri. Sau da yawa akan yarda a biya kaɗan-kaɗan. Ɓuya da shiru su ne ke mai da ƙaramin bashi babbar masifa.

Na shida, kuma wannan na iyaye ne: ɗalibi ba ɗan ci-rani ba ne. Faransa, alal misali, a 2025 yuro 615 a wata take so ɗalibi ya nuna yana da su, kimanin jikka 403. A kunnen manomi wannan dukiya ce, a can kuwa da ƙyar take kai ƙarshen wata. Duk kuɗin da yaro ya aiko gida kafin ya gama karatu, daga wani wuri ya yanke su, kuma wurin da ya fi sauƙin yankewa shi ne inshora, tun da ba ta kuka kamar ciki, ba ta ƙwanƙwasa ƙofa kamar mai gidan haya.

Wani zai ce, me ya sa muke koya wa ɗiyanmu hanyar zama a ƙasar wani, alhali asibitin Gidan Rumji da makarantun Gazawa suna bukatarsu? Tambaya ce mai kyau. Tun 2014 dokar ƙasarmu ta yarda ɗan Nijar ya riƙe wata ƙasa tare da tasa, don haka samun takardar can ba ya raba shi da gida. Kuma abin da muke gani shi ne, mai cikakkun takardu shi ke zuwa gida ya koma yadda ya so, ya zo da iliminsa da jarinsa. Wanda takardunsa suka lalace shi ke maƙalewa, ko jana'izar uwarsa ba ya iya zuwa, domin ya san in ya fita ba zai sake shiga ba.

Da na gama yi wa dattijon nan bayani, ya naɗe takardarsa ya mai da cikin leda. Ya ce ƙanen yaron yana ajin ƙarshe a lise, shi ma yana maganar tafiya. Ya roƙe ni in rubuta masa waɗannan abubuwa da Hausa, domin ya sa a karanta masa a gaban yaron da uwarsa.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci, da sarakuna da masu gari, da ma'aikatan gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, su karanta wannan shafi ga iyayen da ba su sami zuwa aji ba, musamman yanzu da sakamakon jarrabawa ke gabatowa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai ɗiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.